Lucyna Mai Ji da Ido

Matar da ta yi aiki a ɗakin saƙa a garinmu Łódź ba ta ɓuya. In kana yi mata magana ba idonka take kallo ba, bakinka take kallo. Lucyna Pytlas, wadda ke zaune a hawa na uku a ginin bayan gidanmu, haka take har gobe.

Shekararta goma sha bakwai uwarta ta riƙo hannunta ta kai ta masaƙa. Ɗaki ne guda mai faɗin filin ƙwallo, injuna jere ba iyaka, rufin sama na gilashi don matan su ga zare da kyau. In injunan suka tashi gaba ɗaya, ko ka kafa baki a kunnen mutum ka kurma ihu, a banza. Shi ya sa matan suka koyi hira ba murya. Daga wannan bango zuwa wancan mace za ta motsa leɓe, 'yar'uwarta ta ɗauke maganar tsaf. A haka ake gulmar heluma, shugaban ma'aikata, a haka ake sanar da wadda ta samu ciki, a haka ake faɗin kantin da aka kawo nama.

Abin yana da ƙa'ida biyu, kowace sabuwar yarinya kuma tana koyonsu kafin ta koyi ƙulla zare. In wadda kike son magana da ita ta ba ki baya, kafaɗarta za ki taɓa ta juyo. Ta biyun ta fi tsanani: ba a kare baki da hannu a gaban abokiyar aiki. Wadda ta sa tafin hannu ta rufe bakinta tana magana, ta gaya miki ke nan cewa ke bare ce, ko kuma namanki ake ci. An yi mata biyu a ɗakin nan da suka tsufa ba sa gaisawa a kan wannan kaɗai.

Injunan da ke kusa da na Lucyna na Wiesia ne, wata gajeriya mai baki kamar reza, wadda ke kiranta Lusia. Tare suka shiga aiki, tare suka haɗiyi ƙurar auduga, tare kuma kunnuwansu suka mutu, sannu a hankali, ba wadda ta san ranar da abin ya soma. Da farko kukan tsuntsu ne ya ɓace musu, sannan ƙararrawar ƙofa, sannan muryar mutane ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Ba su ɗauki abin da zafi ba. Suna da ido.

Mijin Lucyna, Zenon, mai gyaran wutar lantarki ne. Ba mugu ba ne in bai sha ba, sai dai da wuya ka same shi bai sha ba. Shekarar da aka rufe masaƙar aka sallami matan duka, a shekarar ya tattara kayansa ya bi wata mata can bakin teku. Ya bar ta da ɗa guda, Ireneusz, wanda kowa ke kira Irek, bai wuce shekara goma sha ɗaya ba. Lucyna ta koma sharar ofisoshi da sassafe, da rana ta sayar da safa a kasuwa.

Kicin ɗinsu ɗan tsukuku ne. Wurin wanke-wanke yana manne da bango, duk mai wanke kwano dole ya ba ƙofa baya. A bakin ƙofar akwai wata 'yar kujera maras majingina, nan ne mazaunin Irek tun yana ƙarami. Kullum bayan cin abinci ita tana wanke-wanke, shi yana zaune a bayanta. In ta gama ta juyo, sai ta tarar ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalmi.

"Yaron nan ba ya magana," ta kan gaya wa Wiesia. "Sai ka ce an ɗinke masa baki."

"Ki gode wa Allah, Lusia. Ubansa ya yi surutun mutum uku, me ya tsinana miki?"

Da ya tasa, sai ya bar gashi ya sauko ya rufe masa ido ɗaya, ya rina shi baƙi ƙirin, ya shiga sa wando matsattse kamar zuba shi aka yi a ciki. Shi da abokansa uku suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka sa mata suna Ginin Baya. Mai gangarsu, Witek, ɗan maƙwabta ne, ƙaton yaro mai ci kamar gara. A ɗakin ƙasa inda ake ajiye kwal suke gwaji. Kiɗan pank suke yi, irin wanda yaran ke kira imo: ya yi gudu kamar an koro shi, ya yi tsit ba zato, ya sake fashewa.

Wiesia ta tare Witek a kan matakala wata rana. "Kai, wannan kiɗa ne, ko jirgin titi mai bin dogo ne ya taka kare?"

"Haba Pani Wiesia, ai ke ba kya ji," in ji shi. Pani ita ce kalmar da muke girmama mace da ita.

"Kunnena ba ya ji, haƙorana suna ji, ɗan banza. Na roba ne ma, amma karkarwa suke yi."

Ita Lucyna ba ta ƙi abin ba. Ta tafin ƙafa yake shigo mata, ta cikin daɓe, kuma gudun gangar Witek ba shi da maraba da na injin saƙa in yana cikin ƙoshin lafiya. Ta kan sauka musu da tukunyar miyar dankali mai tsami, ta ajiye a kan buhun kwal ta hau abinta.

A ɗakin kwal ɗin suka ɗauki faifansu na farko, da kayan aro, cikin sanyi, kowa da riga biyu-biyu. Ba su ba shi suna ba. Hoton tsohon famfon tsakar gidanmu suka manna a jikin kwalin, don haka kowa ya kira shi Famfo. Ba su kuma rubuta baitocin a ciki ba.

Irek ya ajiye mata ɗaya a kan tebur kusa da burodi. Ya tsaya a gabanta, ya ɗage gashin daga fuskarsa yadda za ta ga bakinsa. Mamo yake kiranta, wato Mama.

"Mamo, ranar Asabar za mu buga shi a gidan matasa. In kina so."

In tana so! Ta goge babbar rigarta ta zuwa coci, ta je aka gyara mata gashi, ta ja Wiesia suka tafi. Ɗakin ya cika da yara masu baƙaƙen kaya, su biyu a tsakiya kamar kaji a cikin hankaki. Lucyna ta kutsa har gaba, don ita in ba ta ga baki ba ta zo a banza. Shekara ashirin da wani abu tana jiran yaron nan ya buɗe baki, ga shi an ce yau zai buɗe a gaban jama'a.

Irek ya hau dandamali, ya gan ta. Ta san ya gan ta, don ya ɗan yi turus. Sai ya kama makirfo da hannu bibbiyu, ya dunƙule shi a kan bakinsa, daga hanci har haɓa ba abin da ake gani sai yatsu. A haka ya yi waƙar farko. A haka ya yi ta biyu. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana faɗin wani abu iya ƙarfinsa, yara suna tsalle suna ture juna, kowa a ɗakin yana ji ban da ita.

Wiesia ta taɓa kafaɗarta. Ta juyo. Ba murya suka yi maganar, irin ta masaƙa.

"Kin gani?"

"Na gani."

"A gaban uwarsa."

"Mu tafi."

Washegari da safe ya fito kicin, ido a kumbure.

"Mamo, me ya sa kika tafi?"

"Ƙafata ke ciwo," ta ce. Ta ga ya buɗe baki zai amsa, sai ta juya wurin wanke-wanke ta buɗe famfo. Kofi biyu ne kawai da cokali, amma ta daɗe tana wanke su. Da ta juyo yana zaune a kan kujerarsa, kai a sunkuye. Ba wanda ya sake tayar da zancen.

A hunturun shekarar suna dawowa daga wasa a wani gari, motar da suka ara ta zame a kan ƙanƙara ta rungumi bishiya. Da rana tsaka ne, ba wanda ya sha komai. Witek ya fita da karayar ƙugu, sauran biyun da ƙujewa. Irek yana zaune a gefen da bishiyar take.

Ƙungiyar ta mutu tare da shi. Faifan kuwa ya ƙi mutuwa. Wannan ya kwafa wa wancan, yaya ya bar wa ƙane, har ya kai garuruwan da yaran ba su taɓa takawa ba. Aka soma ganin baƙi a tsakar gidanmu suna ɗaukar hoton famfon da ya daina ba da ruwa tun kafin a haife su. In ka tambaye su me suka ji a cikin wannan hayaniya, amsar ba ta wuce biyu ko uku. Wani ya ce muryar Irek tana tsinkewa a tsakiyar baiti kuma ba a sake ɗauka ba, aka bar ta a tsinke. Wani ya ce ana jin wucewar jirgin titi a cikin waƙa ta huɗu, da tarin da mai kaɗa jita ya yi. Wata ta ce faifan nan kamar ka tsinci kanka a ɗakin abokinka ne lokacin da bai san ka shigo ba.

Lucyna ta kan hango su ta taga, ta saki labule.

Tana da faifan. Ta kan sa shi in ta gama aiki, ta ƙure ƙarar, ta ɗora tafin hannu a kan lasifika. Da hannu ta haddace shi. Ta san inda yake gudu, ta san inda yake haki. Ta kuma san ta bakwai, wadda ke farawa a hankali, ta yi sama, sannan ta yi tsit har sai ka ɗauka na'urar ta lalace. Amma faifai ba shi da leɓe.

Wata rana ta je sayen maganin hawan jini, yarinyar da ke sayarwa ta karanta sunanta, ta ɗago kai.

"Pytlas? Pani, ke ce mahaifiyar Irek? Ke ce ta cikin waƙa ta bakwai?"

Idon yarinyar ya kawo ruwa, ta sa hannu ta toshe bakinta. Lucyna ta ɗauki maganinta ta fita. Daga ranar ta tabbatar da abin da take zargi. Akwai waƙa a kanta, duk ƙasar ta san abin da ɗanta ya faɗa game da ita, abin kuma ya kai a kalle ta a toshe baki. Ta yi ta juya shi a ranta. Ko don ta kasa riƙe ubansa ne? Ko don ta tashe shi a ɗaki biyu masu warin kwal da kabeji? Ko don tana kurma, ya gaji da maimaita magana?

Witek bai yar da ita ba. Ya zama mai gyaran famfo, ya yi tumbi da sanƙo da 'ya'ya mata biyu, yana ɗingishi. Duk shekara ranar da ake kunna kyandir a makabarta shi ke kai ta. A can ne ta taɓa tambayarsa, tana goge dutsen kabarin, ba ta kalle shi ba sai da ta gama.

"Ta bakwai ɗin, a kaina ce?"

"A kanki ce, Pani Lucyna. Bari in rubuta miki ita. Tun yaushe nake so."

"A'a."

"To in faɗa miki, ga bakina."

"Kai da ka ci miyata? Hannunka zai tausaya mini, bakinka ma haka. Inda ya ce baƙi sai ka ce toka-toka."

"Wallahi ba zan canza ko harafi ba."

"Mai magana da kai ya san da kai yake, Witek. A masaƙa ba ma yarda da abin da mace ta faɗa mana ido da ido. Wanda muka ɗauko daga bakinta tana can nesa, ba ta san muna kallo ba, shi ne gaskiya."

Ya sunkuya ya kunna kyandir.

Haka aka tafi har shekara ashirin. Yanar ido ta soma sauko mata. Fuskar mutum in ya yi nisa sai ta zama kamar kwaɓaɓɓen gari, bakin da take ɗauka daga wancan bango a da, yanzu sai ya matso tsawon tebur biyu. Ba ta gaya wa kowa tsoronta ba, amma Wiesia ta gane, don ita ma nata idon ya fara.

Da bazara Witek ya hau benen yana haki, ya zauna a kan 'yar kujerar bakin ƙofa, kujerar ta yi ƙara.

"Tashi daga nan kafin ka karya ta, buhun dankali," in ji Wiesia, wadda ta zo shan shayi.

Ya koma kan tebur. "Pani Lucyna, faifan ya cika shekara ashirin. Za mu buga shi sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ban so a yi ba ki sani ba."

"Wa zai yi waƙar?"

"Ba kowa. Za mu kafa makirfo a wurinsa mu bar shi. Mutane sun haddace, su za su rera."

Lucyna ta ajiye kofinta. "Dukkansu?"

"Har da tarin mai jita suke yi, in an zo wurin."

"A ina?"

Ya faɗi wurin. Tsohuwar masaƙa ce a ƙetaren layin dogo, ba tasu ba, an kwashe injunan ana taro a ciki.

"Rufin gilashin yana nan?"

"Yana nan. Za mu rufe shi da baƙin ƙyalle, don a samu duhu."

"Ba za ku rufe ba. Kuma da rana za ku yi."

Witek ya sosa sanƙonsa. "Pank da rana, Pani? Sai ka ce bikin makarantar yara?"

"Yo waɗanda za su zo ɗin yara ne?" Wiesia ta ce. "Rabinsu ciwon baya gare su. Za su gode maka su koma gida da wuri."

"Kujera biyu nake so," Lucyna ta ce. "Ba a ƙasa ba. A kan dandamali, a gefenka, muna fuskantar mutane."

Sai a lokacin ya gane.

"In kuma abin da za ki gani ya yi miki ciwo fa?"

"Shekara ashirin yana yi mini ciwo ban san ko mene ne ba."

Ran Lahadi da la'asar aka yi. Ta sa babbar rigar nan ta zuwa coci, ko da yake ana zafi. Da ta shiga ɗakin sai da ta tsaya: ginshiƙan ƙarfe iri ɗaya, daɓe mai tabon mai iri ɗaya, haske yana zubowa daga sama fari tas, kamar yadda aka gina shi ya yi. Inda injuna suke a da, mutane ne tsaye kafaɗa da kafaɗa. Akwai masu furfura a gemu, akwai mata da suka ɗaure gashi irin na masu zuwa ofis, akwai kuma yara masu gashi a kan ido ɗaya waɗanda ba a haifa ba lokacin da Irek ya mutu. Makirfo yana tsaye a tsakiyar dandamali shi kaɗai.

Witek ya buga sandunansa, abin ya fashe. Ya shigo mata ta ƙafafun kujera, ta ƙashin baya. Ta san shi, shi ne wanda ke ƙarƙashin tafinta duk shekarun nan. Ɗaruruwan bakuna suka buɗe a tare.

Da farko ta kasa kama komai, don suna tsalle. Sai ta yi abin da ake yi a masaƙa, ta zaɓi baki ɗaya. Wani mutum ne a sahun gaba, mai tabarau, ya riƙe bakin dandamali, ya rufe ido, ba ya tsalle. Bai san akwai ta a duniya ba. Daga bakinsa ta ɗauko waƙar farko, a kan jirgin titin safe da mutane masu barci a tsaye. Ta biyu a kan wata yarinya ce da ta tafi Ingila. Lucyna ba ta taɓa sanin an yi wata yarinya ba.

A waƙa ta uku wani saurayi ya haye dandamali, ya fizgi makirfo, ya dunƙule shi da hannu bibbiyu a kan bakinsa, daga hanci har haɓa. Ya yi baiti ɗaya ya faɗa kan jama'a. Wata mata mai kiba ta hau, ta kama shi, ita ma haka. Wani mai sanƙo ya karɓa, shi ma haka. Ba wanda ya san ta a cikinsu, ba wanda ke da abin ɓoye mata.

Aka taɓa kafaɗarta. Fuskar Wiesia ta yi fari.

"Lusia. Dukkansu haka suke riƙe shi."

"Na gani."

"Ni na ce miki..."

"Yi shiru, kina sa ni asarar baiti."

Ta bakwai ta zo. Ta gane ta tun daga bugun farko. Ba wanda ya hau dandamali a wannan, ba wanda ya yi tsalle. Suka tsaya cik, fuskoki a sama, haske a kan kowane leɓe. Ba ta ma buƙaci mai tabarau ba, duk inda ta kai ido magana ɗaya ce.

"Ni na fasa tagar Pani Wiesia, na gaya miki.
Na ga Baba yana ɓoye jaka a bayan kwal, na gaya miki.
Na daina zuwa makaranta tun kaka, na gaya miki.
Ina tsoron in tsufa a gidan nan, na gaya miki.
Ruwa yana zuba, kwanuka suna ƙara,
ni ina magana da bayanki."

"Ashe shi ne, ɗan banza," Wiesia ta ce, hawaye yana bin kumatunta. "Na mari ɗan mai kanti a banza."

Kiɗan ya yi sama. Wuyoyi suka miƙe, jijiyoyi suka tashi irin nasa. Kalma biyu suke maimaitawa, masu sauƙin karantawa, ko makaho-makaho zai ɗauka.

"Juyo, Mamo. Juyo."

Mai tabarau yana kuka yana faɗa. Yarinyar da ke kusa da shi, mai ƙarfe a hanci, tana faɗa da dunƙulallen hannu a ƙirji. Lucyna ta lura ba wanda ke kallonta. Kowa idonsa yana wani wuri, a kan wani bayan da shi kaɗai ya sani.

Sai wurin nan ya zo, inda komai ke yin tsit. Kujera ta daina rawa a ƙarƙashinta. Shekara ashirin tana zaton babu komai a nan. Ashe bakunan ba su tsaya ba, a hankali kawai suke motsi.

"Hannuna ya kai kusa da kafaɗarki.
Na san ƙa'ida, ke kika koya mini.
Amma in kin juyo za ki ga bakina,
ni kuma sai in duba takalmina.
Rigarki shuɗiya, auduga a gashinki.
Kar ki juyo tukuna, ban gama ba."

Ganga ta sake fashewa. Lucyna ba ta karanta sauran waƙoƙin ba. Idonta a buɗe yake, amma ba ta ga kowa ba.

Da aka tashi labari ya bazu cewa uwar Irek ce, mutane suka so su zo gaishe ta, Wiesia ta tsaya a gabanta kamar karen gadi ta kore su. Witek ya zo jiƙe da gumi, ya durƙusa da ƙyar a gaban kujerarta don ta ga bakinsa.

"Na canza wani abu, Pani?"

"Ba ka samu dama ba." Ta gyara maɓallin rigarta. "Me ya sa kuke riƙe abin nan haka, da hannu biyu?"

"Makirfo? Haka ake yi, don murya ta yi kauri. Na gidan matasan nan ma ai in ba ka cusa baki a ciki ba, ba ya ɗauka." Ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi Wiesia, ya sake dubanta. "Pani Lucyna. Kar dai shi ya sa kika..."

"Washegarin ranar," ta katse shi, "da safe, ya zauna a bayana ya daɗe. Ya gaya maka abin da ya ce?"

Witek ya yi ta lalube a ransa. Ta ga yana so ya samo mata wani abu, ta ga kuma lokacin da ya fasa.

"Bai gaya mini ba."

"Ba ya cikin faifan?"

"An riga an gama faifan a lokacin."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa masa hannu ya tashe ta, ko kuma ita ta tashe shi, don ƙugunsa ya riƙe.

Ba ta ƙara saka faifan ba, ta ce yanzu ta san abin da ke ciki. In baƙi suka zo ɗaukar hoton famfo ba ta sakin labule. Wata rana ma ta buɗe taga ta gaya wa wani yaro ya ɗaure igiyar takalminsa kafin ya faɗi.

Cikin makon ta aiki Wiesia kasuwa ta sayo mata babbar roba. Wiesia ta kawo tana mita, wai mace mai famfo a kicin me za ta yi da roba, ko ƙauye za ta koma. Lucyna ta karɓa ta ajiye. Tun daga lokacin, in ta gama cin abinci, sai ta tari ruwan zafi a robar, ta ɗauko ta da hannu biyu tana tafiya a hankali kar ya zube, ta ɗora a kan tebur. A nan take wanke kofinta da cokalinta, fuskarta tana kallon ƙofa da 'yar kujerar.